Daga Andalus zuwa Kwarin Rima: Yadda Girkin Baƙi Ke Zama Abincin Gida

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Achida a tsakiyar hunturu, ya gangara Wurno ko ya zarce Goronyo, zai ga ƙasa iri biyu a wuni ɗaya. A kan tudu an riga an gama girbi, gero da dawa sun shiga rumbu, sai kara da dabbobin da ke kalar gona. A cikin fadamar Gulbin Rima kuwa kore ne shar: fangalin albasa da tafarnuwa, alkama tana fitar da kai, ga shinkafar rani, ga tattasai da tumatir da rake. Haka abin yake a Rabah, a gaɓar Gulbin Sakkwato. Abin lura shi ne, amfanin tudu ɗan ƙasa ne tun fil'azal, amma mafi yawan abin da ke cikin lambu daga nesa ya zo. Alkama daga Gabas ta Tsakiya take, albasa da tafarnuwa daga tsakiyar Asiya, rake daga kudancin Asiya, tumatir da barkono da gyaɗa kuwa sai bayan shekarar 1492 suka tsallako daga nahiyar Amurka. Duk da haka babu wata uwargida a Wurno da za ta kira albasa baƙuwa. Ra'ayina shi ne, girkin baƙo yakan zama na gida ne idan ya sami abu uku: ƙasa da ruwan da za su karɓi irinsa, hannun matan da za su koya wa na baya, da kuma wani buki ko ibada da za su ba shi gurbi a cikin shekara. Tarihin wasu Musulmi da aka kora daga Sifaniya shekara ɗari huɗu da suka wuce yana bayyana wannan ƙa'ida ƙarara, kuma yana ɗauke da gargaɗi ga kwarin Rima na yau.

Mutanen da aka kora, girkin da ya zauna

Garnada, daular Musulunci ta ƙarshe a Andalus, ta faɗa hannun sarakunan Kirista a farkon 1492. Cikin shekara goma aka tilasta wa Musulmin yankin Kastil su karɓi Kiristanci ko su bar ƙasar, a 1526 kuma hukuncin ya kai Balansiya da Aragon. Waɗanda suka zauna bayan wannan tilas su ake kira Moriskawa. A 1567 Sarki Filib na Biyu ya haramta musu Larabci da tufafinsu da gidajen wankansu, abin da ya tayar da yaƙin duwatsun Alfuharas daga 1568 zuwa 1571. Daga ƙarshe, tsakanin 1609 da 1614, Filib na Uku ya kori kimanin mutum 300,000, mafi yawansu suka tsallaka teku zuwa Maroko da Aljeriya da Tunisiya. A tsawon wannan ƙarni ɗakin girki ya zama wurin bincike. Takardun kotun coci mai tuhumar aƙida sun nuna an gurfanar da mutane saboda ƙin cin naman alade, da yanka dabba irin na Musulmi, da kame baki a Ramadan, da suya da man zaitun maimakon kitsen alade, har da cin kuskus. Maƙwabci kan kai ƙarar maƙwabcinsa a kan abin da ya gani a tukunyarsa. Hukuma ta gane cewa mutum zai iya canza suna da sutura a rana ɗaya, amma yadda matarsa ke sarrafa abinci ba ya canzawa da umarnin sarki.

Sakamakon wannan farauta shi ne abin nazari, domin wasu abincin sun ɓace, wasu sun zauna daram. Kuskus, wanda littattafan girkin Andalus na ƙarni na 13 irin na Ibn Razin suka ambata, ya kusa ƙarewa ƙaf a Sifaniya, saboda ya zama tambarin waɗanda ake tsangwama, kuma matan da suka iya murza shi da turara shi an fitar da su. Shinkafa ta zauna a Balansiya, domin magudanan ruwan da manoman Musulmi suka faɗaɗa suna nan, sabon manomi ya gaje su. Har gobe akwai majalisar rabon ruwa da ke zama kowace Alhamis a ƙofar babbar cocin birnin tana sasanta manoma, kuma al'adar garin tana mayar da asalinta ga zamanin Musulmi. Yalo mai tsami da ake jiƙawa a garin Almagro ya zauna, haka ma alawar almon da zuma. Akwai kuma wani kayan zaƙi da mutanen kudancin Sifaniya ke kira pestiños: ƙullun alkama ne da riɗi, a soya a man zaitun, a tsoma a zuma. Ya rayu saboda gidajen Kirista sun ɗauke shi sun ajiye shi a bukin Ista da na Kirsimeti. A ɗaya gefen tekun, Marokawa suna yin ɗan'uwansa, shabakiya, su sha ruwa da ita a watan azumi. Abin da ya sami gona da mai dafawa da rana tasa ya tsira. Wanda ya rasa ɗaya daga ciki ya tafi.

Zaren da ya haɗa Andalus da ƙasar Sudan

Mai karatu zai tambaya: to, ina ruwan Wurno da wannan? Zaren yana nan, amma sai a auna kaurinsa da gaskiya. Mawaƙin Garnada Abu Ishaƙ al-Sahili ya biyo Mansa Musa daga aikin hajjin 1324, ya zauna a Tambutu har ya rasu. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, haifaffen Garnada ne da ya tashi a Fas, kuma a littafin da ya kammala a 1526 ya yi bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Game da Gobir, wadda a lokacin cibiyarta ke arewa da inda Alƙalawa ta tsaya daga baya, ya ambaci yalwar shinkafa da yadda manoma ke watsa iri a kan ruwan ambaliya. A watan Maris na 1591 kuma rundunar Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ta karya daular Songai a Tondibi. Jagoranta, Judar Basha, haifaffen Sifaniya ne, kuma cikin 'yan bindigarsa akwai Andalusawa da dama. Zuriyarsu, waɗanda ake kira Arma, sun auri matan ƙasa sun narke a Tambutu da Gawo da Jenne, kuma burodin alkama da ake gasawa a tanderun ƙasa a titunan Tambutu yana cikin abin da ake dangantawa da tasirin arewa. Daga can zuwa Sakkwato hanya a buɗe take: malaman Kunta sun yi ta musayar wasiƙu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Alhaji Umaru Futi ya yi shekaru a Sakkwato ya auri 'yarsa, kuma Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Wurno a 1853 kafin ya wuce Tambutu, ya sake biyowa ta nan a 1854. Amma mafi yawan abin da ya shigo mana na alkama ta hannun fataken Gadamas da Turabulus da Azbin ya zo, wasu kuma ta Barno. Saboda haka girkin alkama na kwarin Rima da na Moriskawa 'yan'uwa ne da suka sha nono ɗaya, wato girkin Arewacin Afirka, kowa ya girma a gidan da ya sami kansa.

Ribaɗin da ya tara jama'a

Abin da ya sa Wurno da maƙwabtanta suka dace da wannan nazari shi ne yadda aka gina su. Bayan faɗuwar Alƙalawa, cibiyar Gobir, a 1808, gabas da arewacin Sakkwato sun zama bakin daga tsakanin sabuwar daular Sakkwato da Gobirawa da abokan ƙawancensu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya hau mulki a 1817, ya magance matsalar da kafa ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa da aka zaunar da jama'a a cikinsu don tsaron iyaka. Wurno ita ce babbarsu. A nan ya tare a shekarunsa na ƙarshe, daga wannan yanki ya fita yaƙin Gawakuke a 1836, a nan kuma ya rasu a 1837, hubbarensa yana nan har yau. Ɗansa Aliyu Babba ya riƙe Shinaka a ƙasar Goronyo ta yanzu kafin ya zama Sarkin Musulmi ya zauna Wurno, wani ɗan nasa kuma, Abubakar Atiku, da Rabah aka san shi, kuma jikan wannan Atikun ne Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka haifa a garin. Manufar Bello a rubuce take: ya kwaɗaitar da Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya, su yi noma, su kiwata dawaki da raƙuma da awaki, 'ya'yansu su yi karatu, ya kuma nemi a jawo masu sana'a cikin garuruwan. Ta haka ganuwa ɗaya ta haɗa Bafillace da Bagobiri da Bazamfare da Ba'adare da Buzu, ga fatake Larabawa, ga kuma ɗimbin waɗanda aka kamo a yaƙi aka zuba a gandaye da manyan gidaje. Littattafan tarihi sun kiyaye sunayen sarakuna da malamai da jarumai. Sauran jama'ar nan kuwa, mafi yawan abin da ya rage na shaidarsu yana cikin abin da ake ci.

A duba akushin yankin a ga yadda kowa ya zuba nasa. Fura da nono ba ta yiwuwa sai manomin gero da mai shanu sun zama maƙwabta na kullum, kuma zaunar da Fulani a bakin fadama ya mayar da wannan haɗuwa al'adar kowace rana, har hura ta zama abincin rana na talaka da basarake a ƙasar Sakkwato. Ayarin Azbinawa, musamman Kel Geres da ke zaune tsakanin Adar da Gobir, shi ke sauke gishirin Bilma da dabino da cuku ya ɗauki gero, kuma daga wannan ciniki ne tukuɗi, haɗin gero da dabino da cuku, ya shiga gidajen Hausawa. Tuwon dawa da miyar sure, da hoce, da daddawar kalwa da ta batso, gadon manoman ƙasa ne da suka riga daular zama a wurin. Tuwon shinkafa da masa daga fadama suke. Sai kuma dangin alkama: dashishi, alkubus, funkaso, gurasa, alkaki da dubulan. Sunayen alkama da albasa da alkubus da alkaki da gurasa duk daga Larabci suka shigo, kuma matafiyan ƙarni na 19 sun lura cewa a ƙasar Hausa da Barno abincin alkama na Larabawa ne da manyan gari. Hugh Clapperton, da ya zo wurin Bello a 1824, ya tarar da fataken arewa zaune a Kano da Sakkwato da gidajensu da iyalansu. Daga irin waɗannan gidaje girkin ya fita zuwa fada, daga fada zuwa gidajen attajirai, daga nan ya bazu cikin gari.

Ruwa, hannu da buki

Sharaɗi na farko shi ne ruwa. Alkama da albasa da tafarnuwa ba sa son zafin damina da laimarta, sanyin hunturu suke so, a lokacin kuwa babu ɗigon ruwan sama. Da a ce ƙasar tudu ce zalla, da sun tsaya a matsayin kayan ayari masu tsada, da kuma sun ɓace ranar da cinikin Sahara ya mutu. Fadamar Rima ce ta cece su, domin ruwa yana kusa da fuskar ƙasa, manomi ya haƙa rijiya gajera ya kafa jigo ya yi ta ban-ruwa fangali bayan fangali. Ruwayoyin Sakkwato suna yaba wa Bello da ƙarfafa aikin lambu da noman rake, kuma ko ba komai zaman ribaɗi ya samar da hannuwa da kasuwa. A ƙarni na 20 aikin noman rani na Wurno da madatsar Lugu suka faɗaɗa abin, sannan aka kammala madatsar Goronyo a 1984, mai iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Injin ban-ruwa ya maye gurbin jigo, amma ilimin bai canza ba: lokacin dashe, yadda ake kasa fangali, ranar da za a yanke wa albasa ruwa kafin cira, da yadda ake jera ta a rudu ta kai lokacin da za ta yi daraja. Wannan ilimi ne ya sa albasa da tafarnuwar Wurno da Goronyo suke cika manyan motoci zuwa Legas da Ibadan da Onica, kamar yadda albasar Galmi ke yi a tsallaken iyaka a Nijar.

Sharaɗi na biyu hannun mata ne, kuma a nan dole a faɗi abin da ba a cika son faɗa ba. Bafatake yana kawo iri da sha'awar abincin garinsu, amma ba shi ke tsayawa gaban murhu ba. Wadda ke surfe da niƙa da tankaɗe, ta san tsamin da ƙullun alkaki ke buƙata, ta san lokacin da za a sauke madambaci, sau da yawa kuyanga ce ko sa-ɗaka da yaƙi ya raba da garinsu. Ita ce ta koyi girkin uban gidanta, ta gauraya shi da na uwarta, ta sa man shanu ko man gyaɗa inda Balarabe zai sa man zaitun, ta sa tsamiya da citta da kanumfari da masoro gwargwadon harshen mutanen nan. In an 'yanta ta ko an aurar da 'yarta, girkin ya bi su zuwa wani gida. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, matar Waziri Giɗaɗo, ta fahimci nauyin waɗannan mata, shi ya sa ta kafa tsarin 'yan taru, malamai mata da ake kira jaji suna kai karatu ga matan ƙauyuka, ciki har da waɗanda ba su daɗe da shiga cikin jama'ar daular ba. Hanyar da karatu ya bi daga mace zuwa mace, ita girki ya bi. Ba a rubuta yadda ake dubulan a takarda ba. Yarinya ce ke zama kusa da kakarta ko gwaggonta tana miƙa faifai, har ranar da za a ce mata, “Ke, zo ki gwada mu gani.”

Sharaɗi na uku shi ne gurbi a cikin al'ada. Alkaki da dubulan aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, kuma babu mai yin su don yunwa. Abin da ya raya su shi ne gara. Iyayen amarya ba sa jin sun fita kunya sai an jera su tare da nakiya a kai gidan ango, dangi su gani, a rarraba wa maƙwabta. Funkaso da alkubus sun sami nasu wurin a ranar suna da Sallah da teburin buɗa-baki. A dubi tsarin da kyau: ƙullun alkama, suya a mai, tsomawa a zuma ko ruwan sukari, sannan a ajiye shi don rana mai daraja. Shi ne tsarin pestiños a Andalus, shi ne na shabakiya a Fas da Rabat, shi ne na dubulan a Wurno. Ƙasa uku, addini biyu, dabara ɗaya, kuma a kowane wuri buki ne ya tsare ta. Nakiya kuwa, da ake dakawa daga shinkafa, ta nuna cewa mutanen nan sun riga sun san kayan zaƙin buki, baƙon ya zo ne ya tarar da wurin zama a shirye.

Amsa ga masu ja

Akwai masu cewa irin wannan bayani yana miƙa wa Larabawa ladan abin da kakanninmu suka ƙirƙira, kamar Baƙar fata bai iya komai ba sai an koya masa. Damuwar tana da tushe, kuma hujja tana tare da su a wurare da yawa. An fara noman gero a yankin Sahel fiye da shekara 4,000 da suka wuce, kuma akwai shinkafar Afirka, mai jan bawo, da aka fara nomawa a fadamun Kogin Kwara na ƙasar Mali tun kafin zuwan Musulunci. Ibn Baɗuɗa, da ya ziyarci Mali a 1352, ya tarar ana yin kuskus da acca, ana kuma shan gero dakakke da nono ko zuma, kusan shekara 240 kafin yaƙin Tondibi. Wannan ya isa ya nuna cewa dambu da fura ba kyautar wani daga Andalus ba ne. Kaya ma ba gefe ɗaya suke tafiya ba: fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe tana tsallaka Sahara, Turawa suna saye suna kiranta fatar Maroko, saboda a hannun Marokawa suka gan ta. Amma amincewa da wannan bai hana amincewa da cewa alkama da albasa daga waje suka zo ba. Gwanintar mutanen Rima tana cikin zaɓe da sarrafawa: sun ɗauki abin da ƙasarsu za ta iya, suka turara shi a madambacin da suke da shi, suka ci shi da miyar taushe. Wanda ya san darajar gidansa ba ya jin kunyar faɗin inda ya yi aro.

Wasu kuma za su ce kwatancen bai dace ba, tunda Sifaniya korar mutane ta yi, Bello kuwa tara su ya yi. Bambancin gaskiya ne, kuma shi ya sa sakamakon ya bambanta: a can an yi asarar kuskus, a nan babu abincin wata ƙabila da aka mayar laifi, shi ya sa akushin ya yi ta ƙaruwa. Sai dai kada wannan ya sa a manta cewa da yawa daga waɗanda aka tara ba da son ransu suka zo ba. A wurare biyun akwai mutanen da aka shafe sunayensu, aikin hannunsu ya zama abin alfaharin waɗanda suka mallake su. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma tarihin abinci ya nuna akwai baƙon da ba ya tafiya da hantsi, kuma adalci ne a ambace shi.

Hujja ta uku ta fi ƙarfi: in dai abinci kullum cikin aro yake, me zai sa a damu don taliyar leda da dunƙulen ɗanɗano da burodin fulawa sun shigo? Ai su ma baƙi ne da za su zama 'yan gida. Amsar tana cikin sharaɗin farko. Alkamar da fatake suka kawo ta zama iri a hannun manomin Wurno, kuɗinta ya zauna a garin. Fulawar da ake burodi da taliya da ita a yau kusan dukkanta daga alkamar da ake shigowa da ita ta jirgin ruwa take, domin abin da Najeriya ke nomawa bai kai kashi goma cikin ɗari na abin da take ci ba. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, amma zuwa 1992 an janye haramcin. Baƙon da ba ya shiga gona ba ya barin ilimi, ɗanɗano kawai yake bari da dogaro ga kasuwar da canjin dala ke juyawa. Ba laifi ba ne a ci taliya. Hasarar tana zuwa ne ranar da aka rasa mai iya ɓarza alkamar gida ta yi dashishi, domin a ranar manomin alkama ya rasa mai sayensa na kusa.

Gargaɗin Balansiya

Hujja ta ƙarshe ita ce ta wanda zai ce ana maganar rai, wa ke ta alkaki? A watan Yulin 2018 'yan bindiga sun afka wa Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutane da dama, dubbai suka gudu Gandi. A watan Oktoban 2021 an kashe fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo ranar cinta. Ƙauyuka sun watse, an kore shanu, zaman amana tsakanin mai gero da mai nono ya yi rauni. Ga kuma matsalar ruwa: madatsar Bakolori, da aka gama a 1978, ta rage ambaliyar da fadamun ƙasa da ita irin na Rabah suka dogara da ita, ambaliyar 2010 ta share gonaki da gidaje a kwarin Rima, a 2018 kuma ruwan madatsar Goronyo ya ja baya har ya koma kusan kashi goma cikin ɗari. Maganar abinci da maganar rai a nan abu ɗaya ne. Da aka kori Moriskawa, masarautar Balansiya ta rasa kusan kashi ɗaya bisa uku na jama'arta, ƙauyuka suka zama kufai, masu ƙasa suka rasa manoman da suka san ruwa da rake, aka ɗauki shekaru masu yawa kafin a farfaɗo. Garuruwan Tunisiya irin su Tastur, da suka karɓe su, su suka ci ribar lambunansu. Manomin tafarnuwa da ya koma tura baro a Sakkwato, da tsohuwar da ke zaune a sansanin gudun hijira ba turmi ba madambaci, kowannensu yana ɗauke da ilimin da aka shekara ɗari biyu ana tarawa, kuma ba za a same shi a wani wuri ba.

Abin yi a bayyane yake, kuma bai fi ƙarfin masu iko ba. Na farko tsaro ne da zai mayar da mutane gonakinsu, tare da sulhun da zai sa mai tallan nono ta sake shiga kasuwar ƙauye ba tare da tsoro ba. Na biyu, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da gwamnatin jiha su yashe madatsun ruwa da magudanai, su saki ruwa a kan lokacin da manomi ke buƙata, su kuma sa manoman cikin shawarar rabonsa. Na uku, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu su tura ɗalibai, musamman mata, su zauna da tsofaffin Wurno da Rabah da Gandi da Shinaka da Goronyo, su rubuta yadda ake kowane girki, daga wa aka koya, ita kuma daga ina kakarta ta fito. Irin wannan aiki zai fito da tarihin Gobirawa da Adarawa da Buzaye da bayin gandu da ba su sami shiga littafi ba. Na huɗu yana hannun kowane gida: a ci gaba da yin gara da alkamar fadama, a sayi albasa da shinkafar gida, a bar yara su tsaya kusa da murhu. Muhammadu Bello ya tsare iyakarsa da zaunar da mutane daban-daban wuri ɗaya ya ba su gona da makaranta. Jikokin waɗannan mutane suna buƙatar abu ɗaya daga shugabannin yau: a bar su zaune a ƙasarsu, ruwa yana isa gonakinsu.